Jakar Ruwa a Ƙashin Muƙamuƙi: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Yi Mata Aiki

Gabatarwa

Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan wata cuta da kan fito a cikin ƙashin muƙamuƙi, watau ƙashin da haƙora suke tsaye a kansa, na sama da na ƙasa. Sunan da likitoci suke kiranta da shi ya samo asali ne daga wata kalma ta Girkanci mai ma'anar mafitsara, domin kuwa kamanninta ke nan: rami ne a cikin ƙashi, wanda tantani ya lulluɓe bangonsa, ruwa kuma ya cika shi. Saboda haka a nan za a riƙa kiranta jakar ruwa. Za a duba mafarinta da ire-irenta, da cututtukan da ake rikita ta da su, da yadda likita yake gane ta, sa'an nan da irin aikin da ake yi domin a raba mutum da ita.

Babban abin da ake so a riƙe shi ne, girman aikin da za a yi wa mai wannan cuta ya danganta ne ga lokacin da ya isa asibiti. Jakar da ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba ana iya cire ta a kan kujerar likitan haƙori, mutum ya kwana a gidansa a ranar. Wadda aka bari ta yi shekaru tana cin ƙashi kuwa, takan kai mutum ɗakin tiyata, ta jawo masa asarar haƙora da kuɗi masu yawa. Abin da ke sa a bar ta har ta kai haka shi ne ba ta ciwo.

Kalma ɗaya, cututtuka da yawa

Hausa tana da kalmomi da dama na abin da ya tasa a jiki. Akwai ƙurji da maruru, waɗanda ke zafi su nuna su fashe. Akwai kaluluwa, da hangum wanda ke kama yara a gefen kunne ya wuce cikin 'yan kwanaki. Akwai ƙari, watau tsiron da ya tokare a jiki ya ƙi tafiya, akwai kuma ciwon daji. Amma idan gefen fuskar mutum ya tasa, abin da aka fi faɗa shi ne kumburi, a kuma danganta shi da sanyi, ko tsutsar haƙori, ko iska, ko jifa.

Matsalar a nan ita ce, kalmar kumburi tana ɗauke da wani zato, watau cewa abin da ya kumbura zai sace. Ga ƙurji da hangum zaton daidai ne. Ga abin da ke girma daga cikin ƙashi kuwa ba haka ba ne, domin ba ya sacewa da gashi, ko shafe-shafe, ko sakiya, ko ƙahon wanzami. Har ila yau, a al'adance da zafin ciwo ake auna tsananinsa. Manomi a Janfalan ko Hunkuyi wanda haƙori ya hana shi barci zai nemi magani tun da asuba, amma wanda muƙamuƙinsa ke tasawa a hankali ba tare da zafi ba yana iya noman damina uku bai tambayi kowa ba.

Mafarin jakar ruwa

Kafin a fahimci cutar, tilas a san yadda haƙori yake samuwa. Ɗan Adam yana yin haƙoran yarinta 20, daga baya na girma 32 su maye gurbinsu, kuma kowanne a cikin ƙashi ake gina shi kafin ya ɓullo. Wani tantani ne ke tsara siffar haƙorin da saiwarsa. Idan ginin ya ƙare, tantanin yakan wargaje, amma 'yan ɓurɓushinsa sukan saura a kewayen saiwa, su yi kwance shekara da shekaru ba su yin kome. Wani masani Bafaranshe mai suna Malassez shi ne ya yi cikakken bayanin waɗannan ɓurɓushi a 1885, har yau kuma da sunansa ake kiransu.

Idan wani abu ya tayar da su, sai su shiga hayayyafa su dunƙule. Ƙwayoyin da ke tsakiyar dunƙulen sukan yi nisa da jinin da ke ciyar da su, sai su mutu su narke, a sami ɗan rami. Abin da ya narke a cikin ramin yana jawo ruwa daga kewaye, ruwan ya matsa bangon jakar, bangon kuma yana fitar da wasu sinadarai da ke sa ƙashin da ke jikinsa ya zaizaye. Da haka jakar take samun wuri, ta ƙara jawo ruwa, ta ƙara faɗi, kamar yadda ake cika salka. Tafiyar a hankali take, shi ya sa jijiyoyi ba sa kai ƙara.

Ire-irenta

Ire-iren jakar ruwa suna da yawa, amma uku ne aka fi gani.

Ta farko ita ce jakar saiwa, wadda ita kaɗai ta kai rabi ko fiye na dukan waɗanda ake samu. Mafarinta mutuwar haƙori. A cikin kowane haƙori akwai ɓargo mai jini da jijiya. Idan ruɓa ta huda haƙori ta kai ga ɓargon, sai a sha azabar ciwo, daga baya ɓargon ya mutu, ciwon ya ɗauke. A nan ne ake ruɗuwa, a ce maganin da aka tura a ramin ya kashe tsutsa. Alhali kuwa ƙwayoyin cuta suna nan a cikin mataccen haƙorin, suna gangarawa ta ƙarshen saiwa zuwa cikin ƙashi, inda za su tayar da ɓurɓushin da aka ambata. Buguwa ma tana kashe haƙori. Wanda ya faɗi daga babur ya bugi haƙorin gaba, bayan wasu watanni haƙorin ya yi duhu, to ɓargonsa ya mutu ke nan ko da bai karye ba. Wannan batu ya shafi ƙasar Makarfi da Kudan ƙwarai, inda rake da mazarƙwaila suke a wadace, ga kuma alawa da lemon kwalba da suka cika kasuwanni, domin zaƙin da ya daɗe a baki shi ne abincin ƙwayoyin da ke ruɓar da haƙori.

Ta biyu ita ce wadda ke kewaye kan haƙorin da ya maƙale a cikin ƙashi bai fito ba. Ita ce ta biyu a yawa, kimanin ɗaya cikin biyar. An fi samunta a kan turmin ƙarshe na muƙamuƙin ƙasa, wanda yakan fito tsakanin shekara 17 da 25, da kuma kan fiƙar sama. Matasa ta fi kamawa. Alamarta ita ce a ƙirga haƙora a tarar ɗaya bai fito ba, ga kuma tudu a inda ya kamata ya fito.

Ta uku ita ce mai dawowa. Wani likita ɗan ƙasar Danmak mai suna Philipsen shi ne ya ba ta suna a 1956. Abin da ke cikinta ba ruwa ba ne tsararo, wani abu ne fari mai kauri kamar cuku. Takan bi tsawon ɓargon ƙashi tana ci, ba tare da ta tasa fuska sosai ba, saboda haka takan yi nisa kafin a lura da ita. Bangonta siriri ne mai saurin yagewa, kuma idan ɗan guntu ya saura sai ta sake tsirowa. Halinta ya sa masana suka yi ta muhawara a kanta: a 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin ƙari, a 2017 kuma ta mayar da ita cikin jerin jakunkunan ruwa. Idan aka sami irinta da yawa a bakin yaro ɗaya, likita yakan yi zargin wata larura ta gado wadda Gorlin da Goltz suka bayyana a 1960.

Masu kama da ita

Ba kowane kumburin muƙamuƙi ne jakar ruwa ba, kuma a nan ne haɗarin yin hukunci da ido yake. Wanda ya fi kama da ita shi ne wani ƙari da ake kira amilobilastoma. Shi ma daga ragowar tantanin haƙori yake tsirowa, shi ma ba ya ciwo, kuma kimanin huɗu cikin biyar a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa. Ba kasafai yake yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki ba, amma yakan kutsa cikin ƙashin da ke kewaye da shi, ya yi ta girma har ya karkatar da fuska, ya hana tauna. A ƙasashen Afirka shi ne aka fi gani a cikin ƙarin da ke tasowa daga tantanin haƙori. Sashen tiyatar fuska da muƙamuƙi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin da yake Kaduna, ya yi suna wajen aikinsa. A 1980 Farfesa E. O. Adekeye na wannan sashe ya buga nazarin masu wannan ƙari su 109, kuma abin da likitocin Nijeriya suka daɗe suna kuka da shi a rubuce-rubucensu shi ne zuwan marasa lafiya a makare.

Na biyu shi ne dajin Burkitt, wanda wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ƙananan yara yake kamawa, musamman a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, yana kuma da alaƙa da wata ƙwayar cuta da aka gano a 1964. Bambancinsa shi ne sauri: cikin 'yan makonni fuskar yaro takan canja, haƙoransa su yi girgiɗi. Maganinsa allurai ne na daji, kuma yana jin magani idan aka yi hanzari.

Sai kuma noma, cutar da ke cin dasashi da kumatun yaran da tamowa ta raunana, wadda aka kafa mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999. Ita daga dasashi take farawa da gyambo da wari, saboda haka ba ta da wuyar bambantawa, amma ta fi dukansu gaggawa.

Yadda likita yake ganewa

Matakin farko tambaya ce. Yaushe aka fara ganin kumburin? A hankali yake girma ko da sauri? An taɓa ciwon haƙori a wurin, ko buguwa? Leɓen ƙasa yana mutuwa? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin akwai babbar jijiya da ke ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa ta fito wajen haɓa, ita ce ke sa a ji taɓi a leɓe. Jakar ruwa takan ture ta gefe ne kawai, shi ya sa mutuwar leɓe take sa likita ya yi zargin wani abu da ya fi ta tsanani.

Mataki na biyu dubawa da taɓawa. Da fari tudun yana da tauri kamar sauran ƙashi. Idan ƙashin ya zaizaye ya yi siriri, yakan loɓa a ƙarƙashin yatsa ya yi ƙara kamar ɓawon ƙwai. Idan ya ƙare sarai, sai a ji wurin yana lumtsuwa. Likita zai kuma gwada haƙoran da ke kusa, da sanyi ko da wata 'yar na'ura ta lantarki, domin ya san mai rai da matacce. Idan dukan haƙoran wurin suna da rai, to ba jakar saiwa ba ce.

Mataki na uku hoton ƙashi, wanda ya samu tun daga binciken Röntgen a Jamus a 1895. Akwai ƙaramin hoto na haƙori ɗaya ko biyu, akwai kuma babba wanda na'ura ke zagaya kai ta ɗauko muƙamuƙi duka a shimfiɗe. Jakar ruwa takan fito a matsayin baƙin da'ira mai farin gefe tsaf. Amilobilastoma kuwa sau da yawa yakan fito ɗaki-ɗaki kamar kumfar sabulu ko saƙar zuma, yana kuma cinye saiwoyin haƙora. Idan abin ya girma akan ƙara da hoton siti sikan, wanda ke nuna faɗi da zurfi, da kusancinsa da jijiya ko kogon da ke gefen hanci.

Mataki na huɗu shi ne a soka allura a zuƙo abin da ke ciki. Ruwa mai launin rawaya-rawaya da ke ƙyalli yana nuna jakar saiwa ko ta maƙalallen haƙori. Fari mai kauri yana nuna mai dawowa. Mugunya tana nuna ƙwayoyin cuta sun shiga. Idan kuwa jini ne ya cika sirinji da ƙarfi, sai a dakata, domin wataƙila tarin jijiyoyin jini ne a cikin ƙashin, wanda cire haƙori ɗaya a kansa yana iya jawo zubar jinin da zai halaka mutum. Wannan kaɗai ya isa dalilin gudun masu cire haƙori a kasuwa.

Mataki na ƙarshe, wanda shi ne ke yanke hukunci, shi ne a ɗebi ɗan yanki na bangon a kai ɗakin gwaji a duba a madubin likita. Akwai nau'in amilobilastoma da ke fitowa da siffar jakar maƙalallen haƙori sak, har a hoto, kuma madubi ne kaɗai ke tona shi. Domin haka duk abin da aka ciro daga muƙamuƙi, kome ƙanƙantarsa, bai kamata a jefar da shi ba a gwada ba.

Aikin tiyata

Hanyoyi biyu da ake bi har yau wani likita ne Bajamushe mai suna Carl Partsch, na birnin Breslau, ya tsara su, ta farko a 1892, ta biyu a 1910.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta 1910, watau cire jakar ɗungurungum. Bayan an yi allurar kashe zafi, ko ta barci idan aikin babba ne, sai a tsaga dasashi daga cikin baki a ɗaga shi, a buɗe taga a jikin ƙashi, a ɓamɓaro jakar daga bangon ramin a hankali har ta fito gaba ɗaya, a wanke, a ɗinke. Jini yakan cika ramin ya daskare, a cikinsa ne sabon ƙashi yake tsirowa, cikin watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu. Haƙorin da ya jawo cutar ko dai a cire shi, ko a kwashe mataccen ɓargonsa a cike gurbin. Hasali ma ƙaramin rami a ƙarshen saiwa sau da yawa yakan warke da wannan cikon kaɗai, ba sai an tsaga ba. Da yake ta cikin baki ake aikin, ba ya barin tabo a fuska.

Hanya ta 1892 ita ce buɗe wa jakar ƙofa. Ana yanke rufinta, a ɗinke bakinta da fatar cikin baki, ko a sa mata ɗan bututu, yadda ruwa ba zai sake taruwa ba. Da matsi ya gushe sai ƙashi ya riƙa cikowa daga gefe, ramin yana raguwa. Akan zaɓi wannan idan jakar ta yi girman da cire ta zai iya karya muƙamuƙi ko ya raunata jijiya, ko kuma ga yaro domin a ceci haƙoran da ba su fito ba. Wahalarta ita ce tana ɗaukar watanni, mai ciwo zai riƙa wanke ramin kullum yana komawa asibiti, sau da yawa kuma a ƙare da cire ragowar jakar bayan ta ƙanƙance.

Mai dawowa tana bukatar ƙarin aiki, domin idan cirewa kawai aka yi, kimanin ɗaya cikin huɗu takan sake fitowa. Saboda haka akan goge bangon ramin da na'ura, ko a shafa masa wani sinadari mai kashe ragowar tantani, kana a ci gaba da ɗaukar hoto shekara-shekara, aƙalla har shekara biyar.

Amilobilastoma da ya kutsa ƙashi kuwa, kankara ba ta isarsa. Yanke ɓangaren muƙamuƙin ake yi, a haɗa da santimita 1 zuwa 1.5 na lafiyayyen ƙashi ta kowane gefe, a cike gurbin da ƙarfe na musamman da ƙashin da aka ɗebo daga haƙarƙari ko ƙugu. Tun daga 1989 ana kuma amfani da siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa. Aiki ne na sa'o'i da yawa, mai bukatar jini da doguwar jiyya, kuma tauna da magana ba kasafai suke komawa yadda suke ba.

Hanyar zuwa asibiti

Mutumin Janfalan ko wani ƙauye na wannan yanki, asibitin shan magani na kusa shi ne zangonsa na farko, daga nan sai babban asibiti a Ikara ko Makarfi, sa'an nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika kusa da Zariya a 2005. Waɗanda Kano ta fi musu sauƙi suna iya zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Nisan bai kai ya hana zuwa ba. Abin da ke cinye lokaci shi ne tsaye-tsayen da ake yi kafin a kama hanya: gashi da shafi, da tsaga, da sayen ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta a kemis. Waɗannan ƙwayoyi suna iya kwantar da mugunya idan jakar ta ruɓe, kumburin ya ɗan ragu, a zaci an warke, alhali jakar tana nan. Tsaga da sakiya kuwa ƙofa suke buɗe wa ƙwayoyin cuta, su mai da aiki mai sauƙi mai wuya. Ga kuma tsoron tiyata da tsoron kuɗi, waɗanda jinkiri ke ninka su.

A nan ne ɗalibai da ma'aikata suke da abin yi, domin su ne ake tambaya a gida idan abu ya shige duhu. Malamin makaranta yana ganin fuskokin yara kullum, ma'aikacin lafiya na ƙauye shi ne farkon wanda ake nuna wa, ma'aikacin ƙaramar hukuma kuwa shi ya san yadda ake karɓar takardar turawa zuwa babban asibiti. Alamomin da ya kamata su sa a tura mutum ba tare da jira ba su ne: tudu mai tauri a muƙamuƙi da ya wuce mako biyu, ko da ba ya ciwo, haƙorin da ya yi duhu, ko ya daina ciwo da kansa bayan ya ruɓe, haƙoran da suka fara karkata ko girgiɗi ba dalili, ruwa mai gishiri-gishiri da ke tsatsowa daga dasashi, mutuwar leɓe, da kumburin fuskar yaro mai saurin girma, wanda shi kam ba a kwana da shi.

Kammalawa

An ga cewa jakar ruwa tana tasowa ne daga ragowar tantanin da ya gina haƙori, kuma mafi yawanta mataccen haƙori ne silarta, saboda haka aswaki da buroshi da rage zaƙi da gyara ruɓa tun tana ƙarama su ne rigakafinta. An ga kuma cewa ido da hannu ba sa bambanta ta da ƙari ko daji, sai hoto da allura da madubi. Magani kuwa yana nan, an fi shekara ɗari ana yin sa, yana kuma samuwa a Shika da Kano. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ga tudu a muƙamuƙinsa ko na ɗansa, ya kai wa likitan haƙori ya duba tun bai wuce ƙwayar gyaɗa ba.